Ranar Da 'Yar Ja Ta Tashi

Shafi na 14

Masu cika min waya da saƙo tun safe kuna cewa na bar ku a tsaye, to ga shi. Ke kuma Maman Favour ta Sabon Tasha da kika ce in na kashe Baba Nicholas za ki fice daga group, zauna abinki, ban kashe kowa ba. Amma ki ajiye hankici kusa.

*

Tun da Victor ya fito tsakar gida yana kaɗa mukulli a yatsa, yayarsa Jemimah take jin yau ba lafiya ba, ta kuma rasa dalili.

Asabar ce. A gidan mahaifinsu Baba Nicholas da ke Trikania kuwa, Asabar ba ta wanki ba ce, ba ta zuwa biki ba ce, ta 'Yar Ja ce. 'Yar Ja ita ce tsohuwar motar nan ƙirar MG mai kujera biyu da rufin tamfol, wadda wani Baturen injiniya ya bar wa Baba zamanin suna aiki a masaƙa a Kakuri. Shekara tara rabonta da tashi. Shekara tara kuma, duk Asabar ta Allah, Baba da amininsa Malam Zakariyya'u suna ƙarƙashin rumfar kwano, su kwance nan su ɗaura can, su yi musu, su sha shayi, la'asar ta yi kowa ya wanke hannu da fetur a ce sai wani satin.

Sati uku Baba ya yi a asibiti, aikin ido bai yi ba. Shekaranjiya aka dawo da shi gida ba ya ganin ko tafin hannunsa. A cikin sati ukun nan ne Victor ya zo daga Abuja ya sa aka ja motar zuwa Panteka wurin makanikai, wai zai yi wa tsoho abin da zai mantar da shi ciwo. Jemimah ce ta miƙa masa mukulli da hannunta.

Har yanzu Baba bai sani ba.

Yana zaune a kujerarsa a bakin rumfa da baƙin tabarau, cikin tsohuwar shuɗiyar rigar aikinsa mai tabon baƙin mai. Da safe sai da suka yi rigima da Jemimah a kan rigar nan. Ta ce ya sa jallabiya ya huta, ya ce ido aka ɗauke masa ba hannu ba. Akwatin ƙarafa na gabansa, yana laluba sifana ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan tabarma, daga ƙarama zuwa babba.

"Jemimah, ƙarfe nawa?"

"Goma ta ɗan gota, Baba."

"Zakari ya makara. Ina jin mai keke Napep ɗin ya tsaya a Nasarawa yana jiran fasinja. Mutumin nan ko za a yanka shi ba zai ɗauki shata ba."

Bai rufe baki ba aka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a bakin get.

"Salamu alaikum. Ana gulmata ina ji."

"Shigo, tsoho. Gaskiya ce ba gulma ba."

Malam Zakariyya'u ya shigo a hankali, farin gemu, jakar fatarsa ta kayan wayarin a kafaɗa, ledar ƙosai a hannu. Daga Makera yake zuwa. Shi ne mai wayarin na masaƙa lokacin Baba yana fita mai haɗa inji, abotarsu ta girmi Jemimah da shekara shida. Ta durƙusa ta karɓi ledar.

"Ina kwana, Baba Malam."

"Lafiya lau, 'yata. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

Sai dai ta lura bai yi mata tsiyar da ya saba ba, ta cewa yaushe za ta kawo masa suruki ya gani. Idonsa na can kan motar da aka lulluɓe da sabon tamfol, kallo irin na wanda ya hango maciji a ɗaki.

Baba ya ce, "Yau kaburetan baya za mu sauke. Ni in kwance, kai ka zama idona. Ai ka san hannuna ya san hanya."

Victor ya yi gyaran murya. Murmushi har kunne, bawan Allah. Kada ku ga laifinsa da yawa, zuciyarsa fes take. Irin yaran nan ne da in suna son ka sai sun yi maka abin da za a ɗauka a waya.

"Baba, yau ba wanda zai taɓa sifana. Ina da surprise."

"Wane irin abu kuma?"

"Ka dai saurara kawai."

Ya fizge tamfol. Sabon fenti ya haska rumfar, ja jawur kamar tumatir. Ya faɗa ciki ya murɗa mukulli.

Bugu ɗaya ta tashi.

Ba tari, ba hayaƙi, ba girgiza. Wani lallausan sauti kawai, sumul, irin na motocin ma'aikatan banki. Victor ya taka totur sau biyu yana dariya.

"Baba! Ka ji? Ka ji ta?"

Sifana mai lamba goma sha uku ta suɓuce daga hannun Baba ta faɗi a siminti.

Ya juya kunnensa wajen motar. Ya daɗe a haka.

"Kashe."

"Baba?"

"Na ce ka kashe."

Tsit. Har kukan injin markaɗen maƙwabta ana ji.

"Motar wa kuka shigo min da ita gida?"

"Haba Baba, taka ce mana. 'Yar Ja ce."

"Ba muryarta ba ce. 'Yar Ja sai ta yi tari biyu kafin ta yi magana, in ta yi magana kuma har Gloria mai shago sai ta leƙo. Jemimah, kama ni."

Ta kama hannunsa, sanyi ƙalau. Ta kai shi gaban motar, Victor ya buɗe bonet jiki ba ƙwari. Baba ya sunkuya ya zura hannu biyu. Yatsunsa suka tafi kai tsaye inda suka saba zuwa shekara arba'in, suka tarar da murfin roba. Suka koma gefe. Suka dawo. Suka tsaya.

"Ina kaburetocina biyu?"

Victor ya sosa ƙeya. "Baba, wancan injin ya mutu. Makanikin ma ya ce ɓata lokaci ne, ba a samun kayansa ko a Legas. Shi ne aka sa na Toyota, ɗan Kwatano, mai kyau. Yanzu ko Jos ka ce a je..."

"Ina injin?"

"Baba, please, ka tsaya ka..."

"Victor. Ina injin?"

"'Yan gwangwan sun ɗauka." Muryarsa ta yi ƙasa. "Sun farfasa."

Jemimah ta runtse ido tana jiran tsawa. Ta san Baba, a kan noti ɗaya da ya ɓata sai ya tayar da gidan nan kaf. Da ma ya yi tsawar, da ta fi sauƙi. Amma bai yi ba. Ya zare hannunsa daga cikin motar a hankali, ya goge a gaban rigarsa duk da babu ko ɗigon mai a jiki.

"Zakari."

"Na'am, Niko."

"Ka ji?"

"Na ji."

"Da kunnenka?"

Malam Zakariyya'u ya sauke jakar fatar daga kafaɗarsa ya ajiye a ƙasa.

"Da kunnena."

"To shi ke nan," in ji Baba. "Jemimah, mayar da ni kujera."

Nan fa ran Victor ya ɓaci. Kunya ce ta juye ta zama faɗa, kamar yadda take yi wa maza.

"Ni ban gane ba! Shekara tara kuna shan wahala a kan motar nan, kuna zubar da gumi, ba ta ko yi atishawa ba. Mutanen layi suna yi mana dariya, wai gidan tsofaffi masu wasan yara. Na bar aikina na zo na tsaya a rana a Panteka kwana shida don in faranta maka rai. Ko sannu babu? Sai ka ce na kashe mutum!"

"Victor, ya isa," Jemimah ta ce.

"Bai isa ba! Ke ma ai da ke aka yi!"

Baba ya ɗago kai.

"Da ke, Jemimah?"

Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ita ce ta zauna da shi tun rasuwar mahaifiyarsu Mama Celina shekara huɗu da suka wuce. Ita ke ɗiga masa maganin ido. Tun tana 'yar shekara takwas take riƙe masa tocila a ƙarƙashin motar nan, ta san sunan kowace sifana kafin ta san jadawalin lissafi. In akwai wanda ya kamata ya tsaya ya yi tambaya, ita ce.

Ta durƙusa a gabansa.

"Ni na ba shi mukulli, Baba. Da likita ya ce min idon ba zai dawo ba, na rasa abin da zan yi maka. Na ce ko ba ka gan ta tana tafiya ba, ka ji ta. Ka yafe min."

Ya lalubo kanta ya dafa.

"Tashi. Shiga ɗakin mamanku, saman wadirob, can baya. Akwai gwangwanin madara da take tara maɓallai. Kawo min."

Ta tafi ta dawo da shi, duk ƙura. Baba ya ɓalle murfin da farce, ya juye a cinyarsa. Maɓallai suka watse, farare da baƙaƙe, na rigunan zumuntar mata da na yunifom ɗinsu na firamare. Ya lalube ciki ya zaro wani abu naɗe a tsumman atamfa. Ya warware.

Ɗan baƙin abu ne da bai wuce babban yatsa ba, da ɗan jan ƙarfe a bakinsa. Jemimah ta gane shi nan take. Rota ce, wadda ke juyawa tana raba wa fulogi wuta. In babu ita, ko inji sabo ne dal ba zai tashi ba.

"Victor, zo ka riƙe."

Victor ya karɓa yana jujjuyawa.

"Ka san mene ne wannan?"

"A'a."

"Ciwon 'Yar Ja ke nan gaba ɗaya. Lafiyarta lau. Wannan ce rotarta mai kyau. Ni na cire ta da hannuna na sa matacciya a wurin, wata Asabar da safe kafin Zakari ya iso. Da ka mayar da wannan, ka zuba mai galan ɗaya, da ta yi maka tarin nan biyu ta tashi."

Victor ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Kai... kai ka kashe ta? Shekara tara?"

"Shekara tara da wata huɗu."

"Don me, Baba?"

Baba ya juya fuskarsa inda yake jin numfashin amininsa.

"Zakari, na cuce ka. Na sa ka sauya wayoyin da ba abin da ya same su. Na sa ka hau keke daga Makera da ciwon gwiwa, damina da rani. Kullum ina cewa yau zan faɗa maka, in kasa."

Sai Malam Zakariyya'u ya yi wata dariya, gajeriya, wadda ta fi kuka ciwo.

"Niko, Niko. Kai dai har ka mutu ba za ka daina raina ni ba."

"Me na yi?"

"Shekara talatin ina bin waya a masaƙa. Injin da ya fi gidan nan girma, in wuta ta ɓace a cikinsa ni ake kira. Shi ne za ka sa min fasasshiyar rota a gaba ka ce ban gani ba? Asabar ta biyu na gane."

Baba ya juyo gare shi.

"Ka sani?"

"Na ciro ta, na ga tsagar, na mayar na rufe. Na ce maka ina jin kwayil ce."

"Kwayil huɗu muka saya, Zakari!"

"Biyar. Ka manta wadda na ce jabu ce."

Su biyun suka fashe da dariya, tsofaffin nan, har Baba yana dukan hannun kujera. A tsakiyar dariyar ne Jemimah ta ga ruwa yana gangarowa daga ƙarƙashin baƙin tabarau. Ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba, ko ranar da aka sauke akwatin Mama.

"Celina ma ta sani," in ji shi yana share fuska da hannun riga. "Ita ta ce in kawo ta ɓoye min, wai ba namijin da zai taɓa buɗe gwangwanin maɓalli."

"Allah sarki Celina," in ji Malam. "Shi ya sa duk Asabar take ce min, Malam, Allah ya ba da sa'a, tana danne dariya."

Victor ya zauna daɓas a kan bencin rumfa.

"Don Allah wani ya yi min bayani. Kaina zai fashe."

Malam Zakariyya'u ya jawo kujerar roba ya zauna kusa da Baba, ya jingine sandarsa.

"Ka tuna rasuwar Hajiya Jummai, mai ɗakina?"

"Na tuna, Baba Malam. Mun je gaisuwa."

"Bayan sadakar arba'in yarana suka taru a kaina. Aminu, abokin wasanka, shi ne kan gaba. Suka ce ba za su bar ni ni kaɗai a Makera ba, in tattara in koma wurinsu Katsina. Na ce a'a. Suka kawo ƙanina, suka kawo limamin unguwa. Lokacin kuwa da gaske motar nan tana kwance, mun sauke injin muna sauya ringi. Da suka matsa min, sai na ce, to ku ji. Ba zan bar Nicholas da inji a buɗe ba. Wallahi ranar da motar Nicholas ta tashi, ku zo ku ɗauke ni, ba zan ce uffan ba."

Ya girgiza kai.

"Na ɗauka magana ce ta korar yara. Ka san magana zarar bunu. Aminu ya ce kowa ya shaida. Na zo na ba wa ubanku labari ina dariya. Shi bai yi dariya ba."

"Wata biyu muka gama haɗa injin," in ji Baba. "Na kwana ina lissafi. Duk waɗanda muka yi masaƙa da su, wasu sun mutu, wasu sun koma ƙauye. Da aka yi rikici gari ya rabe, kowa ya bi nasa, Zakari ya bar layin nan ya koma Makera. Amma bai fasa zuwa ba ko Asabar ɗaya. In aka tare shi a hanya aka ce ina za ka, sai ya ɗaga jakar nan ya ce gyaran mota. Na ce to in ta tashi fa? Wa zai ƙara buga min get da sanda?"



Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Su Jemimah sun ga tsofaffi biyu sun kasa gyara mota. Ashe motar ce take riƙe da su.

Jemimah ta matso da gwiwoyinta wajen Malam.

"Baba Malam, ai a Kaduna aka haife ni, na san ana yin kaffara. Ba ciyar da mutum goma ba ne? Ni zan dafa. Yau ɗin nan zan dafa, ko mutum ɗari ne."

Ya dube ta da tausayi.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kaffara tsakanina da Ubangijina ce. Alkawarin da na yi wa yarana fa, a gaban shaidu? Shi da me zan wanke?"

"To ai ba wanda ya sani sai mu huɗu! Mu rufe ta da tamfol, shi ke nan. Ko ba haka ba, Victor?"

Victor bai ɗago ba.

"Victor?"

"Na sa a Facebook." Da ƙyar maganar ta fito. "Ranar Laraba, a Panteka. Bidiyo. Na rubuta, bayan shekara tara motar Baba ta tashi."

"Yesu!" in ji Jemimah.

"Aminu ne ya fara yin comment. Ya ce Alhamdulillah, ranar Asabar yana hanya. Na ɗauka... na ɗauka murna zai zo taya mu. Har na ce masa ya zo da kilishi."

Ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa suka fara rawa. Garin neman ƙiba an samo rama.

"Jiya bayan Juma'a ya kira ni," in ji Malam. "Ya ce Baba ka haɗa kaya. Na ce masa mafarki kake, motar da na san ciwonta? Na kashe waya. Amma ban runtsa ba. Duk hanya yau ina addu'a Allah ya sa ƙarya ce."

"Ka ce masa ba za ka ba!" Jemimah ta faɗa, muryarta na fashewa. "Baba Malam, dubi Baba. Dubi halin da yake ciki. Shekaranjiya da muka dawo bai ci abinci ba, jiya bai ci ba. Yau da ya tuna Asabar ce ya shanye kunu kofi biyu. In ka tafi, ni me zan ce masa ran Asabar? Me zan ce masa?"

"Jemimah," Baba ya kira ta a hankali. "Bar shi."

"Ba zan bari ba!"

"Na ce ki bar shi. Ba ki san komai ba. Zakari, faɗa mata abin da ya faru watan jiya."

Malam ya kawar da kai.

"Wa ya gaya maka?"

"Ido na rasa, ba kunne ba. Na ji yadda kake jan ƙafar hagu tun a asibiti. Maƙwabcinka Haruna tela na tambaya." Baba ya juyo wajen 'yarsa. "Faɗuwa ya yi a banɗaki. Tun hantsi yana kwance a ƙasa har azahar, ba wanda ya sani, sai da aka ga bai fito masallaci ba aka ɓalle ƙofa. Yaron nan Aminu ba mugu ba ne. Ubansa yake so ya mutu a hannunsa, ba a bayan ƙofa ba. Ni ne mai son kai. Na riƙe musu uba shekara tara da ɗan abin da bai kai yatsa ba."

"Ba kai ka riƙe ni ba, Niko. Ni na zauna."

"To yanzu fa?"

Malam ya dubi jar motar.

"Da, in Aminu ya kira ya ce Baba ta tashi? Sai in ce ba ta tashi ba, kuma gaskiya na faɗa, ko da na san dalili. Ban taɓa yi wa yaron nan ƙarya ba tun da aka haife shi. Yau kuwa na ji da kunnena."

Wayar Victor ta ɗauki ƙara a kan benci. Ya duba, ya dubi yayarsa da jajayen idanu. Ta gane ba sai ya faɗa ba.

"Ɗauka," in ji Baba.

Ya ɗauka. Gidan ya yi shiru har kowa na jin muryar da ke ciki.

"Vico! Na je Makera na tarar da ɗaki a kulle, an ce yana wurinku. Ga ni a kwanar layinku. Buɗe min get!"

Victor ya miƙe. Ya sa rotar a tafin hannun Baba, ya nufi get yana jan ƙafa.

Baba ya damƙe ta, ya miƙa ɗaya hannun yana lalube a iska.

"Zakari, kana ina?"

"Ga ni."

"Jakar nan taka, ka bar min ita. In ji ƙanshinta."

Jemimah ba ta iya tsayawa ta ji amsar ba. Ta miƙe. Ita kanta ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta gaban motar ba. Bonet na nan a buɗe yadda aka bar shi. Injin baƙo ne, amma 'yar makanike ce, ta san duk inda aka kai aka kawo mota ba ta tashi sai mai ya iso. Ta hango ɗan baƙin akwatin fiyus da aka ɗaure kusa da batir. Ta ɓalle murfin. Ta bi zanen da ke bayansa da yatsa har ta samu na famfon mai.

Ta san ba dabara ba ce mai tsawon rai. Ta san akwai bidiyo. Amma in Aminu ya murɗa mukullin nan da hannunsa ya ji shiru, in aka ce masa ai tashin kwana ɗaya ta yi ta sake mutuwa, wataƙila a samu wata Asabar ɗin. Ko guda ɗaya ce.

Ta fizge shi. Ɗan shuɗin abu, kamar ƙwayar gyaɗa.

Ƙwas.

Ƙarar sanda a bayanta.

Ta juyo. Malam Zakariyya'u ne tsaye, gemunsa ya jiƙe. Ya dubi akwatin fiyus, ya dubi hannunta da ta ɓoye a bayan zani.

"'Yar Niko," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ko wurin ba ki kuskure ba."

"Baba Malam, don girman Allah..."

Ya miƙo tafin hannunsa.

"Ba ni."

"Mayarwa za ka yi?"

"Ba ni, Jemimah."

Ta sa masa. Ya dunƙule hannun. Bai matsa wajen motar ba, bai kuma kai hannu aljihu ba.

Get ya yi ƙara. Aminu ya shigo da sallama, dogo, cikin farar shadda da ta yamutse da zaman mota, idonsa duk gajiya. Ya zube gaban Baba Nicholas ya gaishe shi, ya yi masa sannu da jiki har muryarsa na rawa, don a tsakar gidan nan ya koyi tafiya. Sannan ya miƙe ya juyo wajen mahaifinsa. Ya ga fuskokin mutanen gidan. Ya ga maɓallai warwatse a ƙasa. Murmushinsa ya ɗauke.

"Baba, na gyara maka ɗaki, jikokinka tun jiya suke share shi. Bidiyo na gani, amma yanzu waya ba abin da ba ta haɗawa, kuma jiya ka ce min mafarki nake. Ba sai an kunna min ba. Bakinka ya ishe ni, kai ba ka taɓa yi min ƙarya ba. Motar Baba Nicholas ta tashi, ko ba ta tashi ba?"

Jemimah ta zuba wa dunƙulallen hannun Baba Malam ido.

Can a kujera, Baba Nicholas ya juyo da kunnensa a hankali, rotar na damƙe a ƙirjinsa.

Malam Zakariyya'u ya dubi ɗansa. Ya dubi amininsa. Ya ƙara matse abin da ke hannunsa.

Ya buɗe baki.